Kafin a sauke inji: yadda ake gano ciwon giyar mashin a gyara da kuɗi kaɗan

Daga kasuwar Bakin Dogo a Kaduna nake dawowa ranar, da rabin buhun shinkafa da kwandon tumatir ɗaure a baya. Na taka giya zan sauya lamba, sai fedar ta tafi ta yi zamanta, ta ƙi dawowa. Haka na lallaɓa da lamba ɗaya, inji na ta kururuwa, masu Keke Napep na ta danna mini hon, har na samu wani gareji a bakin titi. Bakaniken ko tsugunawa bai yi ba. Ya taka fedar sau biyu da silifas ɗinsa ya ce, "Oga, giyabos ne. Sai an sauke inji." Kuɗin da ya yanka mini ya kusa cinye rabin albashina. Na ce masa bari in je in yi shawara da aljihu.

Washegari wani dattijon bakanike a layinmu ya tsiyaye baƙin mai a kwano, ya kwance murfin dama, ya cire kuloci, ya zaro wani ɗan sifirin da ya karye gida biyu, ya ɗora mini a tafin hannu. "Ga giyabos ɗin naka nan, Malam." Sifirin ɗaya, fakin murfi (takardar da ke hana mai yoyo a mahaɗa), litar baƙin mai, da ɗan kuɗin aikinsa. Kafin la'asar ina kan mashina.

Tun daga nan nake jan benci in zauna kusa da shi idan ana aiki, kuma abin da ke ƙasa daga wurinsa na kwaso shi, da kuma daga ɓarnar da na yi da hannuna. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 naira ta zube, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, babu mai mashin da zai so a buɗe masa inji a kan zato. Dokar dattijon ɗaya ce: a fara daga waje a shiga ciki. Abin da ke waje kyauta ne dubawa, abin da ke bayan murfin dama kuɗi kaɗan ne, raba inji shi ne na ƙarshe.

Yadda abin yake a ciki

Ƙananan mashinan da suka cika Kaduna, Boxer, Daylong, Haojue, TVS, Jincheng, da roba-roba, tsarin giyarsu kusan ɗaya ne. Akwai shaf biyu kwance kusa da juna. Ɗaya yana karɓar ƙarfi daga kuloci, ɗayan yana fita da shi zuwa ƙaramin sufuroket na gaba inda cen yake hawa. A kan kowannensu an jera giyoyi huɗu ko biyar, kuma haƙoransu kullum a sarƙe suke da juna, ko kana firi. Abin da ke sa lamba ta shiga shi ne wasu gajerun haƙora a gefen giya, masu kama da turame, da suke faɗawa cikin ramukan giyar da ke maƙwabtaka da su. Masu tura su kuma wasu ƙarafa ne masu baki biyu kamar gwafa, waɗanda bakanikai ke kira silekta. Silektocin suna bin wasu layukan da aka sassaƙa a jikin wata ƙaramar ganga ta ƙarfe. Duk takawa ɗaya da ka yi, gangar ta juya taki ɗaya, sai wani ɗan hannu mai taya da sifirin ya danne ta kada ta motsa.

Abin lura a nan: gangar da silekta da giyoyin suna cikin inji, amma sandar feda, sifirinta, da wannan ɗan hannun mai dannewa suna bayan kuloci ne, ana kai musu ba tare da an sauke inji ba.

Mataki na farko: tambayi mashin ɗin da kanka

Kafin ka ɗauki sifana, kafe mashin a kan babban jak yadda tayar baya za ta bar ƙasa. Kashe inji. Da hannu ɗaya kana jujjuya tayar gaba da baya, da ɗaya hannun kana sa giya, tun daga ɗaya har ta ƙarshe, ka dawo. Dole ne tayar ta riƙa motsi, domin haƙoran gefe ba sa samun raminsu idan komai a tsaye yake.

Idan duk lambobin sun shiga ɗaya bayan ɗaya, kowacce da ƙararta ƙwas, amma da ka tayar da inji sai su yi tauri, to ka yi hamdala, zargi ya koma kan kuloci. Idan fedar tana lilo ba ta kama komai, matsalar a bakinta take ko a bayan murfi. Idan kuwa ta tsaya cak a wata lamba, ko taya ta ƙi juyawa a firi, ka fara shirin babban aiki.

Sai ka tuna yadda abin ya faro. Mashin ya faɗi ta hagu kwanan nan? Ka ratsa ruwa mai zurfi da damina, irin wanda ke kwanciya a lungunan Rigasa da Rafin Guza? Lamba ɗaya ce tak take fita da kanta, ko duka? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce mai tsada. Lamba guda mai fita, galibi ta biyu, tana nuna haƙoran gefe sun cinye ko silekta ta lanƙwashe. Idan kuwa kowace lamba tana iya zamewa, ko ka riƙa faɗawa firi a inda babu firi, ɗan hannun nan mai dannewa ko sifirinsa ne abin zargi, kuma wannan mai sauƙi ne.

Gargaɗi ɗaya. Idan tayar baya ta taɓa ƙamewa kana tafiya, ka matse kuloci amma ba ta saki ba, kada ka sake hawa mashin ɗin. Injin da ya kama, kuloci yana raba shi da taya. Giyar da ta kama ba ta da wannan rangwamen, kuma a kan baifas tsakanin tireloli ba wurin gwaji ba ne.

Mataki na biyu: abin da ke waje

Fara da fedar. A gindinta akwai noti guda da ke matse ta a kan ƙananan haƙoran sandar. Sau da yawa notin ne ya saki, ko haƙoran cikin fedar sun goge. Cire ta ka duba. Idan na sandar suna nan da ransu, sabuwar feda ba ta da tsada. Idan bakin fedar ya riga ya haɗe kafin ya matse, a ɗan faɗaɗa tsagar da zarton ƙarfe, sai ta sake kamawa. Abin da ba na so shi ne a ruga wurin mai walda a liƙe feda da sanda. Zafin yana ƙona oyil sil, wato robar da ke tare mai a bayanta, mai ya fara ɗiga, kuma ranar da aka tashi zare sandar sai an yanka.

Daga nan wayar kuloci. Hannun kuloci yana bukatar ɗan wasa kafin ya fara ja, milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun, wato kamar faɗin yatsa. Idan wasan ya yi yawa, kuloci ba ya saki sosai: giya ta yi tauri, mashin ya riƙa jan jiki gaba kana tsaye a danja, firi ya yi wuyar samu. Idan babu wasan sam, kuloci ya riƙa zamewa, ka murɗa totur a hawan gadar Kawo inji ya yi ta ihu gudu bai ƙaru ba. Akwai abin saiti a wurin hannu, akwai wani a ƙasa kusa da inji. Zare wayar ka duba ko silinta sun fara tsinkewa. Ƙurar hunturu tana shiga ta busar da ita, ɗigon baƙin mai kaɗan yana farfaɗo da wadda ba ta tsinke ba.

Roba-roba ba shi da hannun kuloci, saitinsa yana jikin murfin dama: wani ɗan sukuru da noti ya kewaye. Sassauta notin, ɗaura sukurun zagaye ɗaya, sannan ka dawo da shi baya a hankali har ka ji ya taɓa wani abu ya fara tauri. Daga nan ka sake ɗaura shi kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka riƙe shi da sukundireba ka matse notin. Na ga roba-roban da aka yanke wa hukuncin sauke inji ya warke da wannan cikin minti biyar.

Ka kuma saurari yadda inji ke aiki a tsaye. Idan silo, wato gudun inji a tsaye, ya yi sama, lamba ɗaya za ta riƙa shiga da duka, gaf, kamar an buga ƙofa. A rage shi a kafireto.

Sai cen da sufuroket. Kwance murfin sufuroket na gaba, inji a kashe, kuma kada yatsa ya kusanci cen idan inji na aiki, mutane da yawa sun bar yatsunsu a nan. Idan mashin yana shiga giya, inji na tashi, amma ba ya tafiya ko kaɗan, duba ko sufuroket ɗin yana juyawa shi kaɗai a kan shaf. Idan haƙoran cikin sufuroket ne suka cinye, ka tsira, a canza shi. Idan na shaf ne, sai an raba inji kafin a canza. A nan kaɗai nake ɗaga wa walda ƙafa: shaf ɗin ya riga ya mutu, don haka idan babu kuɗi yanzu, a sa sabon sufuroket a ɗiga walda kaɗan kaɗan, ana sanyaya wurin da jiƙaƙƙen tsumma saboda oyil sil. Zai kai ka wasu watanni. Amma ka sani bashi ka ci. Cen kuma ya kasance da wasan milimita 20 zuwa 30 a tsakiya. Cen da aka ɗaure tamau kamar tsirkiya shi ke kashe boris ɗin wannan shaf.

Mataki na uku: karanta baƙin mai

Wannan shi ne gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya, kuma mutane sun fi tsallake shi. Bari inji ya yi ɗumi, ka kashe, ka tara kwano mai tsabta, ba tsohon galan da aka yanke mai ɗauke da dattin mashin goma ba. Kwance notin juye. Dubi yawan man tukuna: waɗannan injinan kusan lita ɗaya suke ci, idan abin da ya fito bai cika kofin shayi biyu ba, ka riga ka san wanda ya yi kisan.

Fitar da kwanon rana, ka karkata shi. Ɗan ƙyalli mai laushi kamar hoda ba abin tsoro ba ne. Baƙin gari mai warin ƙuna daga faifan kuloci yake. Mai da ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Sai ka ɗauko maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ya isa, ka ja shi a gindin kwanon. Idan ya fito da gutsattsarin ƙarfe da za ka iya ji tsakanin yatsu kamar tsakuwar shinkafa, haƙori ya karye ko boris ya farfashe. A injinan da ke da ɗan rariyar tace mai a ƙasa, a ciro ta a duba, can manyan gutsattsarin ke taruwa.

Wani abu game da man kansa. Kuloci yana wanka ne a cikin man inji, saboda haka ba kowane mai ya dace da shi ba. Wasu mayukan mota suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa kuloci zamewa. Nemi na mashin, 20W-50, wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa. Man awo da ake ɗurawa daga durom a bakin titi, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Masu tsohon Suzuki ko Jincheng mai hayaƙi kuma, su tuna man giyarsu daban yake da wanda ake zubawa yana ƙonewa da fetur, kuma shi ma ana juye shi.

Mataki na huɗu: bayan murfin dama

Idan waje lafiya, mai kuma babu ƙarfe, sai a shiga nan. Kayan aiki: sifana 8, 10, 12, 14 da 17, filaya, da sukundireban da ake buga wa guduma, wanda za ka iya ara. Cire kik da wayar kuloci. Kafin ka kwance notunan murfin, samo kwalin Indomie ka zana siffar murfin, ka huda rami a wurin kowane noti, duk wanda ka cire ka soke shi a raminsa. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a ramin gajere yana fasa kesin, wato jikin inji. Ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Ba abin kunya ba ne, ni har yanzu ina yi.

Kwance notunan sifirin kuloci kaɗan kaɗan, wannan sannan na daura da shi. Faifai iri biyu ne a jere, mai fata da na ƙarfe zalla. A injin Honda CG da 'yan'uwansa, sabon mai fata kaurinsa kusan milimita 3 ne, idan ya sauka zuwa 2.6 ya gama aiki. Ko babu abin awo, wanda ya ƙone za ka gan shi baƙi, sumul, yana wari. Na ƙarfen kuma ɗora shi a kan gilashi ko madubi, ka danna gefe: idan yana rawa ya lanƙwashe, kuma shi ke hana kuloci saki. Idan ya miƙe, ko da ya ɗan yi shuɗi, a goge shi da samfefa a mayar. Nan ne wurin tsimi na gaskiya.

Dubi yatsun kwandon kuloci inda kunnuwan faifai ke zama. Da shekaru sukan yi tsaga-tsaga kamar bakin zarto, faifai su riƙa maƙalewa. Idan tsagar ba ta yi zurfi ba, a bi ta da fayil a hankali har ta baje. Kada a zaƙe, garin gyaran gira a rasa ido. Sifirin kuloci kuma a canza su gaba ɗaya tare da faifan, ba su da tsada. Sababbin faifai a jiƙa su cikin baƙin mai kamar awa ɗaya kafin a sa.

Da ka cire kwandon, ga kayan sauya giya nan a fili. Wasu injinan suna bukatar wata sifana mai haƙori huɗu kafin a kai nan. A aro ta, kada a sa kurfi da guduma. Duba abu huɗu: babban sifirin da ke dawo da feda, ƙugiyar da ke jan kan ganga da ɗan sifirinta, ɗan hannun mai taya, da notin da ke riƙe ɗan ƙarfe mai siffar tauraro a kan ganga, notin da yakan saki shi kaɗai ya rikita komai. Zaro sandar feda ka mirgina ta a kan gilashi. Idan faɗuwa ta lanƙwasa ta za ka ga tana tsalle. Sannan ka juya gangar da hannu kana jujjuya tayar baya. Idan ta bi duk lambobin lami lafiya, ciki kalau yake, mayar da murfi da sabon fakin.

Mataki na biyar: raba inji

Abu huɗu ne ke wajabta shi: lamba guda mai fita da kanta bayan an tabbatar kayan bayan murfi lafiya suke, ƙarar ƙwas-ƙwas a lamba ɗaya tak, gurnanin boris tare da ƙarfe a mai, da ganga da ta ƙi juyawa.

A nan ka yi wa kanka adalci. Idan ba ka taɓa buɗe inji ba, kuma mashin ɗin shi ne abincin gida, raba aikin: kai ka wanke mashin, ka sauke injin, ka sayo kaya, bakanike ya raba ya haɗa kana zaune. A yi cinikin kuɗin aiki tun kafin a taɓa noti. Ka ce masa, "Maigida, duk abin da aka cire a ajiye mini, kuma kada a sayi komai sai na gani." Bakaniken kirki ba ya jin haushin wannan.

Idan da kanka za ka yi, ga tsarin. A cire salansa, kafireto, cen, wayoyin wuta da matakin ƙafa, a kwance notunan da ke riƙe inji. A wanke bayansa da kananzir kafin a buɗe, ƙasar Kaduna ja ce kuma ba ta da kunya. A cire kan inji, silinda da fistin, a zare magneto da ƙarfen zare shi na musamman, wanda shi ma aro ake yi. Duka da guduma yana lalata kiranshaf, kuma kuɗinsa ya ninka na giyar da kake gyara. Notunan kesin su ma a kwali. Kwantar da injin a kan katako biyu, ka riƙa bubbuga gefe da guntun katako har ya rabu. Idan ya ƙi, akwai notin da ka manta, galibi a ƙarƙashin datti. Kada ka cusa sukundireba tsakanin ɓarin biyu, tabon da zai bari zai yi ta yoyo har abada.

Da ya buɗe, tsaya. Ɗauki hoto. Duba cikin ɓarin da ka ɗaga, domin siraran washa sukan manne a jikin boris su faɗi ba ka sani ba. Ciro shaf biyun da ganga da silekta a tare kamar dami. Idan za ka warware giyoyin, jera su a kiret ɗin ƙwai, ko ka zura su a waya ɗaya bayan ɗaya yadda suka fito, fuskar da ke sama tana sama.

Haƙoran gefe su ne abin dubawa na farko. Lafiyayye kafaɗarsa a tsaye take da kaifi, mataccen ya yi gundul yana ƙyalli kamar tsohon kwabo. Dubi ramin da yake shiga a ɗaya giyar, shi ma za ka tarar bakinsa ya zaizaye. Biyun ake canzawa tare. Na taɓa yin wayon canza guda don in rage kuɗi, wata uku ba a yi ba lamba biyu ta koma halinta, na sake biyan fakin da mai da kwana biyu na zama. Silekta kuma, idan bakinta ya yi shuɗi ko gefe ɗaya ya goge, ta lanƙwashe, kuma ba a miƙe ta, canzawa ake yi. Bi layukan ganga da farce ka ji ko akwai inda ya ɓantare. Kowane boris ka wanke shi ka juya da yatsa, mai ƙaiƙayi ko mai girgiza ya tafi.

Sayen kaya

Ka tafi da tsohon a hannu, a nannaɗe cikin leda, ko da kana ganin ka san sunan mashin ɗinka. Injinan China sukan yi kama a ido su bambanta da haƙori ɗaya. A gaban mai shago ka ƙirga haƙoran, ka haɗa tsoho da sabo baya da baya, ka zura sabon a kan shaf ɗinka ka gani.

Ra'ayina, kuma na san wasu za su musa: giyar gwanjo da aka ciro daga injin asali ta fi sabuwa mai araha. A Panteka da ke Tudun Wada, da wurin bakanikan Kurmin Mashi, ana samun injinan da suka mutu ta sama, fistin ko kiranshaf, alhali giyarsu garau. Sau da yawa sayen damin gaba ɗaya, shaf biyu da ganga da silekta, ya fi sauƙi a kan tsintar ɗaya ɗaya, kuma sun riga sun saba da juna. Sharaɗin kawai ka duba haƙoran gefe da idonka a cikin rana, ba a cikin duhun shago ba, kuma a yi magana a kan dawowa idan bai hau ba.

Boris yana da lamba a gefensa, irin su 6203 ko 6204. Da lambar ake saye, a wurin masu sayar da boris. Wannan, da oyil sil, da kilif-kilif (ƙananan zobban da ke tare giya a kan shaf), da fakin tsakiya, sababbi ake sa wa. Fakin murfin gefe kana iya yanka shi daga takardar fakin idan ta kama, amma na tsakiya kaurinsa yana cikin lissafin wasan shaf, siriri ya matse giya, babu shi kuma ta kama. Tunda fistin yana waje, dubi ringi, idan sun gaji yanzu ne canza su ba shi da kuɗin aiki.

Haɗawa

Don sa sabon boris, zuba wa kesin tafasasshen ruwa ko a bar shi a rana ya gasu, boris ɗin kuma a sa shi cikin leda a firiza ko cikin ƙanƙara. Zai shiga da ɗan bugu kaɗan, kuma a gefen waje ake bugu, ba a tsakiya ba. Kilif yana da fuska mai kaifi da mai laushi, mai laushin ke kallon giyar da yake tarewa. Silekta galibi suna da harafi a jiki, L da C da R, hagu, tsakiya, dama, kuma ba sa musanya wuri. A shafa wa komai baƙin mai.

Kafin ka rufe, juya ganga ka bi lambobin duka kana juya shaf. Ka rufe, ka ɗaura notuna huɗu kawai, ka sake gwadawa. Idan shaf ya yi tauri, buɗe, akwai washa da ta bar wurinta. Gara yanzu da bayan an ɗora inji. Kada a manta da gajerun bututun da ke saita ɓarin biyu. Gam kuma a shafa shi siriri idan ma za a sa, wanda ya tumbatsa ciki yana toshe hanyar mai. A ɗaure notuna a gicciye, kaɗan kaɗan, da hannu mai tausayi, zaren ramin noti a jikin alminiyam ba ya son ƙarfi. Wurin mayar da kan inji a tabbatar alamar T ta magneto ta yi daidai da alamar taimin, a juya inji da hannu zagaye biyu kafin a taka kik.

Zuba mai, tayar da shi a kan jak, bi lambobin a hankali. Sannan zagaye a cikin layi, kai kaɗai, babu kaya babu goyo. Lambar da take fita a da, sa ta, ka murɗa totur ka saki, ka murɗa ka saki, sau da yawa. Idan ta zauna, aiki ya yi. Ka kuma raba ƙafarka da kwanciya a kan feda kana tafiya, wannan ɗan nauyin shi ke goge silekta a ɓoye. Da dare shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji, da safe ka duba ko akwai ɗigo, kuma daga ina. Bayan kamar kilomita 500 ka yi juye a kwanon nan mai tsabta, ka fitar da shi rana, ka sake jan maganaɗisu a gindinsa.